Jirgi mara matuƙi don tsaro a Filato: wanne ya dace da wane aiki?

Tun bayan hare-haren jajibirin Kirsimeti na 2023 a Bokkos, Barikin Ladi da Mangu, inda aka rasa rayuka kusan 200, da wuya a yi zaman tsaro a Jos a watse ba a ambaci jirgi mara matuƙi ba. Masu kawo maganar suna da hujja. Ƙauyukan a warwatse suke tsakanin duwatsu, hanyoyin ba kyau, maharan kuma da dare suke zuwa, a ƙafa ko a kan babura. Inda gizo ke saƙa shi ne, suna ɗaya ake kiran abubuwa da dama waɗanda ba abin da ya haɗa su sai tashi sama. Akwai wanda ake cusawa a jakar goyo, nauyinsa bai cika kilo ɗaya ba. Akwai mai fiffike mita 12 da ke yini ya kwana a sama ɗauke da makami. Dillali kuwa abin da ke shagonsa shi zai yaba muku.

Bayanin nan na waɗanda za su sa hannu a takardar saye ne: jami'in gwamnatin jiha da aka ce ya kawo lissafi, shugaban ƙaramar hukuma, kwamandan sansani, manajan kamfanin haƙar ma'adinai ko na babbar gona. Iri huɗu za mu ɗora a sikeli: ƙarami mai farfela huɗu, na turke wanda ke ɗaure da waya, matsakaici mai fiffike da ke tashi tsaye, sai babba mai ɗaukar makami.

Abin da za a auna kafin a tambayi farashi

Na farko, wanda shi kaɗai ya isa ya yanke rabin hukuncin: cikin minti nawa jami'anku ke isa wurin da jirgin ya hango? Jirgin ido ne kawai. Idan ya ga mutum talatin suna tsallaka rafi kilomita 40 daga sansani, motar sintirinku guda ɗaya kuma tana tsaye ba mai, to abin da kuka saya shi ne bidiyon harin. Ku shimfiɗa taswira, ku zana da'ira a iyakar inda jami'anku ke iya kaiwa cikin minti 20 zuwa 30, da dare, a tsakiyar damina lokacin da hanya ta zama taɓo. Faɗin wannan da'ira shi ne awon jirgin da kuke buƙata. Duk abin da jirgi ya gani a bayanta sai dai ya zama labarin da za a miƙa wa wata runduna, don haka tun farko a san wace runduna ce, kuma wa zai ɗaga waya ƙarfe biyun dare.

Na biyu, daɗewa a sama. Adadin da ke jikin kwali an auna shi ne a wurin da ba iska, a ƙasa daidai da teku, har batir ya ƙare ƙaf. Jos tana kimanin mita 1,200 sama da teku, ƙololuwar duwatsun Shere kuwa wajen 1,800. A tsayin Jos iska ta fi ta Legas rashin kauri da kusan kashi 11 cikin ɗari, saboda haka sai farfela ta ƙara gudu kafin ta ɗaga nauyin da za ta ɗaga a can, batir kuma ya fi saurin zuƙewa. Ga sanyin Disamba da Janairu da ke rage masa ƙarfi, ga kashi 20 zuwa 25 da dole a bari don dawowa gida. Duk adadin da dillali ya faɗa, ku zubar da sulusinsa.

Na uku, abin da kyamara ke gani da wanda ba ta gani. Aikin tsaro a nan aikin dare ne, saboda haka jirgin da ba shi da kyamarar gano zafin jiki na ɗaukar hoton biki ne. Mafi ƙarancin abin da za a karɓa shi ne mai ƙwayar hoto 640 sau 512. Da ita za a hango mutum daga ɗaruruwan mitoci, a ƙirga mutane, a bambanta su da shanu, a gane babur ɗin da bai daɗe da kashewa ba saboda injinsa na haske fat a allo. Amma ba ta nuna fuska. Daga sama da wuya ta raba bindiga da sanda ko fartanya. Ba ta huda rufin kwano, ba ta huda ganye mai duhu irin na bakin rafi. Ga kuma wata matsala ta ƙasar nan: duwatsun Filato suna shan rana yini guda, su riƙe zafin har bayan isha'i, mutumin da ya jingina da dutse sai ya saje da shi. Ana samun irin wannan sajewa wajen faɗuwar rana da kuma bayan fitowarta, lokacin da zafin ƙasa da na jiki ke zuwa kusan ɗaya. Daga tsakar dare zuwa asuba hoton ya fi fita tas.

Na huɗu, yanayi. Ruwa daga Afrilu zuwa Oktoba, da tsawa, wani lokaci har da ƙanƙara. Hazon hunturu kuma yana kashe kyamarar rana mai jawo nesa kusa, ƙurarsa na shiga injin farfela da mariƙin kyamara.

Na biyar, kuɗin riƙo. Sayen doki ba wuya, harawa ce aiki. Nijeriya ta sayi jiragen Aerostar daga Isra'ila a 2006, amma a 2014 da aka sace 'yan matan Chibok aka buƙace su, sai rahotanni suka nuna suna ajiye ba sa tashi saboda rashin gyara. Iraƙi ma ta sayi CH-4 na China fiye da goma, a 2019 wani rahoton binciken gwamnatin Amurka ya ce ɗaya tak ke cikakken aiki. Ku yi lissafin shekara uku: batura, farfela, mai, horo, albashin matuƙa, da wanda zai gyara in ya faɗi.

Na shida, doka. Shigo da jirgi mara matuƙi, musamman mai kyamarar zafi, yana buƙatar takardar izini daga Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro da ke Abuja, wadda ke nuna wanda zai yi amfani da shi. Tashi da shi don aiki kuma yana buƙatar lasisi daga hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA. Ƙa'idar tashi ta yau da kullum ita ce kada a wuce ƙafa 400, wato kimanin mita 120, kuma jirgin ya zauna inda idon matuƙi ke ganinsa. Tashi da dare ko nesa da gani sai da izini na musamman. Kewayen filin jirgin Yakubu Gowon da ke Heipang da barikin Rukuba ba wurin gwaji ba ne. Makami kuwa, tsarin mulkin 1999 ya sanya tsaron ƙasa, makamai da sufurin sama a hannun gwamnatin tarayya kaɗai.

Ƙarami mai farfela huɗu

Shi ne wanda kowa ya sani, kuma kamfanin DJI na China ya mamaye kasuwarsa. Biyu daga cikin kayansa sun isa misali. Mavic 3T nauyinsa kimanin giram 920, a takarda yana minti 45, yana da kyamarar zafi 640 sau 512, da ya fito a 2022 kuɗinsa a kasuwar waje wajen dala 5,000 zuwa 6,000 ne. Ba a yi shi don ruwa ba, yayyafi ma kan iya lalata shi. Matrice 30T ya fi shi girma, wajen kilo 3.7, minti 41 a takarda, yana jure ruwan sama da ƙura, yana da na'urar auna nisa da ke fitar da lambar wurin da aka nuna har mita 1,200. Da ya fito a 2022 kuɗinsa kusan dala 14,000 ne. Wannan na'urar auna nisa ba ado ba ce. Ita ke sa matuƙi ya ba 'yan sintiri lambar GPS ta ainihi, maimakon ya ce musu "can bayan dutsen nan".

Sauƙinsa ba a magana. Mutum biyu sun isa, ɗaya na tuƙi ɗaya na kallon allo da riƙe rediyo. Daga buɗe akwati zuwa tashi bai wuce minti biyu zuwa uku ba. Yaro mai kai zai iya tuƙa shi cikin mako guda, ko da yake karanta hoton zafi yana cin watanni.

Inda ake faɗawa rami shi ne lissafin batir. A ce minti 30 kowane tashi. Daren awa 12 na buƙatar tashi 24. Batirin Mavic 3 na ɗaukar wajen minti 70 kafin ya cika, kuma ba a sa shi a caji da zafinsa, sai ya huce. Akwatin cajin da ke ɗaukar batir uku ɗaya bayan ɗaya yake cika su, ba a tare ba. Ke nan caja guda tana ba ku batir ɗaya duk minti 70, alhali kuna shanye ɗaya duk minti 30. Don jirgi ɗaya ya kwana yana aiki sai da caja uku, batir akalla takwas, da janareto ko babban batirin sola. Kowane batir kuma wajen dala 200 ne, bayan caji kusan 200 ƙarfinsa ya fara raguwa, wani ma ya kumbura. Wanda ya kumbura a cire shi daga aiki nan take, kada a bar shi a mota cikin rana.

Nisa ma haka. Kwali zai ce kilomita 15, amma wannan a fili ne fetal ba abin da ya tare sigina. Da zarar jirgi ya zagaya bayan dutse, hoto ya yanke. A gudun kilomita 54 cikin awa, zuwa kilomita 5 minti shida ne, dawowa shida, saura wajen minti 18 na kallo. A kilomita 10 kuwa tafiya da dawowa sun cinye minti 22, in kuma iska na gaba da shi a hanyar dawowa, a daji zai sauka. Kilomita 3 zuwa 5 shi ne gaskiyar aikinsa a nan. A saita tsayin da zai koma gida da kansa ya ɗara duk wani dutse da hasumiyar sadarwa da ke tsakani, domin yawancin faɗuwa daga nan take zuwa.

Haɗarinsa biyu ne. Ana jin ƙararsa idan ya yi ƙasa, kuma na'urar toshe sigina mai arha tana iya makantar da shi. Sannan jiragen DJI suna watsa bayanin inda suke da inda matuƙinsu ke tsaye, wanda mai na'urar da ta dace zai iya karantawa. Yaƙin Yukiren ya nuna hakan ƙarara. Sojin ƙasa na Amurka sun daina amfani da kayan kamfanin tun 2017 saboda tsoron tsiyayar bayanai. Ga aikin ƙaramar hukuma wannan ba dalilin fasa saye ba ne, amma a kunna tsarin da ke hana na'urar hulɗa da intanet, kuma kada hotunan aiki su zauna a wayar kowa.

Na turke

Wannan mai farfela ne da aka ɗaure da siririyar waya zuwa akwati a ƙasa. Wuta na bin wayar ta hau, hoto na bin ta ya sauko. Tsawon wayar yawanci bai wuce mita 100 ba. Tunda ba batir yake sha ba, samfuri irin Orion na kamfanin Elistair na Faransa yana iya yin awa 24 bai sauko ba. In wuta ta yanke, ƙaramin batirin da ke jikinsa ya sauko da shi a hankali. Toshe siginarsa da wuya, domin umarni ta waya yake bi.

Hasumiya ce da ake ɗauka a bayan mota, ba fiye da haka ba. Ba ya bin sawun kowa. Ya dace da sansanin 'yan gudun hijira, shingen bincike, filin idi, babban taron coci, ko kasuwar Terminus da ke tsakiyar Jos ranar da gari ya ɗauki zafi. Cikakken tsarinsa ya ninka kuɗin Matrice sau da yawa, ko da yake ana iya sayen akwatin wayar kaɗai a haɗa da jirgin da ake da shi. Waya mai tsawon mita 100 a tsaye cikin hadarin Jos gayyatar tsawa ce, don haka da gari ya haɗe a sauke shi. In kuwa wurin da za a tsare na dindindin ne, dogon ƙarfe da aka kafa da kyamarar zafi a kansa ya fi arha, kuma ba ya faɗuwa.

Matsakaici mai fiffike da ke tashi tsaye

A ganinmu nan ne gwamnatin jiha ya kamata ta fi tsayawa ta yi nazari, kuma nan ne aka fi cutar masu saye. Jirgin na tashi tsaye da ƙananan farfela, in ya kai wani tsayi ya juya ya tafi a kan fiffike. Fiffike ke ɗauke nauyin, shi ya sa yake daɗewa. Ba ya buƙatar titin tashi, filin ƙwallon firamare ya ishe shi. Masu batir zalla, irin Vector na kamfanin Quantum Systems na Jamus da aka yi amfani da shi sosai a Yukiren, suna yin awa biyu zuwa uku. Masu injin fetur suna kaiwa awa takwas ko fiye. Nisan siginarsu daga wajen kilomita 30 ne zuwa 100, gwargwadon eriya.

Da irinsa ake iya sa ido a kan hanyoyin da ke tsakanin Riyom, Barikin Ladi da Bokkos daga wuri ɗaya, ko a leƙa dazukan Wase da Kanam. A tsayin aikinsa ba a jin ƙararsa daga ƙasa, kuma yana iya bin ayarin babura har inda suka yada zango. Wannan bin sawu shi ne ainihin abin da kuɗinku ke saya, domin sanin maɓoya ya fi hango hari amfani.

Farashi ba shi da tsayayyen awo: daga dubban daloli masu yawa na haɗin China, zuwa ɗaruruwan dubbai na Turai da Amurka. Sau da yawa kyamarar da mariƙinta sun kai rabin kuɗin, kuma nan dillali ke rage tsada a ɓoye, ya kawo jirgi mai kyau da ido mai hakiya. A Abuja akwai kamfanonin gida irin su Terra da Briech da ke haɗa jirage marasa matuƙa. Amfanin na gida shi ne injiniya na nesa da ku awa huɗu zuwa biyar a mota, kuma ba sai an jira kayan gyara daga tashar jirgin ruwa ba. Wannan ba ya ɗauke musu gwaji. Sojin sama ma sun taɓa ƙera nasu: Gulma a 2013, sai Tsaigumi da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Kaduna a Fabrairun 2018, wanda aka ce yana awa 10 da nisan kilomita 100. Masu raɗa sunayen dai sun san Hausa.

Abubuwan da ke kayar da shi sanannu ne. Lokacin juyawa daga tashi tsaye zuwa tafiya a fiffike shi ne mafi haɗari, musamman in iska na bugowa daga gefe, kuma a tsayin Jos yana buƙatar ƙarin gudu kafin fiffiken ya kama. Akwai ɗan siririn bututu a hancinsa da ke auna gudun iska. In ƙura ta toshe shi, ko zanzaro ya yi ginin laka a ciki a ɗakin ajiya, kwamfutar jirgin za ta karanta gudun ƙarya ta jefar da shi. Murfin roba na 'yan kuɗi kaɗan ke hana wannan, sai kuma duba shi kafin kowane tashi. Gurɓataccen fetur na kashe injin a sama, don haka a tace mai, a san inda ake saye. Eriyar ƙasa kuma dole ta hau tudu. Daga Jos ba za ku riƙe sigina har Wase ba, saboda gangaren da ke raba tsaunin da kudancin jihar, sai dai a ɗauki tashar a kai ta can.

Yana buƙatar mutum uku zuwa huɗu a kowane zagayen aiki, da horo na watanni. Kada a sayi guda ɗaya. Ranar da ya shiga gyara, shirin ya tsaya. Uku ne mafi ƙaranci: ɗaya a sama, ɗaya a shirye, ɗaya a hannun makaniki. Kuma tunda yana wuce gani yana shiga sararin da jiragen soja ke bi, ba zai tashi ba sai da haɗin kai da sojin sama da rundunar haɗin gwiwa ta tsaron Filato da a da ake kira Operation Safe Haven.

Babba mai ɗaukar makami

Bayraktar TB2 na Turkiyya shi ne sunan da ya fi yawo. Fiffikensa mita 12, cikakken nauyinsa kilo 700, yana ɗaukar kaya kilo 150, yana iya yin awa 27 a sama, siginarsa na kaiwa kusan kilomita 300 in ba abin da ya tare. Ana yawan cewa dala miliyan 5 ne, amma wannan kuɗin gangar jirgin ne. Poland ta sayi 24 a 2021 kan dala miliyan 270, haɗe da tashoshin sarrafawa, makamai da horo, wato sama da miliyan 11 kowanne. Wing Loong II na China ya fi shi girma nesa ba kusa ba, kuma ana iya sarrafa shi ta tauraron ɗan'adam. Sojin saman Nijeriya sun karɓi biyu a 2020. Kafin nan suna da CH-3, wanda ɗaya ya faɗi a Borno a Janairun 2015, kuma da irinsa suka kai harin farko a dajin Sambisa a 2016.

Yana buƙatar titin tashi mai kwalta, rumfar ajiya, ma'ajiyar makamai da gomman ma'aikata. Kayan gyaransa na rataye da siyasar ƙasashe: a 2020 Kanada ta dakatar da sayar wa Turkiyya kyamarar da TB2 ke amfani da ita, sai da Turkiyya ta koma ga tata. Ba jiha ko ƙaramar hukumar da doka ta ba damar mallakarsa, saboda haka tambayar da ke gabanku ita ce yaushe za a roƙi Abuja ta turo shi, kuma da wane sharaɗi.

Sharaɗin yana da suna: Tudun Biri. A daren 3 ga Disamba 2023, jirgi mara matuƙi na sojin ƙasa ya kai hari kan masu taron Mauludi a wannan ƙauye na ƙaramar hukumar Igabi a Kaduna. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85, sojin kuma suka amsa cewa kuskure ne. Injin bai lalace ba, makamin ya sauka inda aka nuna masa. Fassarar hoton ce ta kauce. Ku ɗauko wannan ku ɗora a Filato, inda daren Allah akwai masu haƙar kuza a bakin ramuka, makiyaya da ke tashi da shanu kafin asuba, mafarauta, 'yan banga da ke gadin ƙauyensu da bindigar toka, masu kwanan addu'a a coci da masu zikiri. A allon zafi dukkansu fararen ɗigo ne da ke motsi a rukuni. Rikicin nan kuma a cikin gonaki da rugage da unguwanni yake, ba a tsakiyar Sambisa ba. Kuskure ɗaya kan kowane ɓangare zai iya tayar da Jos gaba ɗaya.

| Ma'auni | Ƙarami | Na turke | Matsakaici | Babba |
|---|---|---|---|---|
| Daɗewa a aikace | minti 25 zuwa 30 | har awa 24 | awa 2 zuwa 8 ko fiye | awa 20 ko fiye |
| Nisan aiki | kilomita 3 zuwa 5 | tsaye wuri ɗaya | kilomita 30 zuwa 100 | ɗaruruwan kilomita |
| Kuɗin saye | dala 5,000 zuwa 14,000 | ninkin ƙarami sau da yawa | dubbai masu yawa zuwa ɗaruruwan dubbai | miliyoyin daloli |
| Ma'aikata | 2 | 2 | 3 zuwa 4 | gommai |
| Wurin tashi | ko'ina | bayan mota | ƙaramin fili | titin jirgi |
| Juriyar damina | Matrice e, Mavic a'a | a sauke in da tsawa | matsakaiciya | yana kauce wa hadari |
| Babban haɗari | ƙarewar batir, yankewar sigina | tsawa, zama abin hari | faɗuwa, rashin kayan gyara | kashe wanda bai ji ba bai gani ba |

Abu biyu da teburin bai nuna ba

Abokan gaba ma sun iya saye. A Disambar 2024 mayaƙan ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga Boko Haram, sun kai hari da ƙananan jirage masu ɗauke da abin fashewa kan sansanin soja a Wajiroko da ke Borno. Duk sansanin da zai mallaki jirgi ya kamata ya san yadda zai bambanta nasa da baƙo: jadawalin tashi a rubuce, da sanar da maƙwabtan sansanoni kafin a tashi. Na'urar toshe sigina ta hukumomin tsaro ce kaɗai, kuma in an kunna ta ba ta san naku ba.

Sai amana. A garin da unguwanni suka rabu kamar Jos, jirgin da ke shawagi a kan ɓangare ɗaya kullum zai zama abin zargi ko da niyyar kirki aka tashe shi. A sanar da hakimai, ardo-ardo, limamai da fastoci cewa akwai shi. A rubuta wa ke da ikon ganin hotuna da kwana nawa ake ajiye su. A cakuɗa matuƙan.

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Kamfanin ma'adinai, babbar gonar dankali, makarantar kwana ko rukunin gidaje, masu kewayen da bai wuce kilomita uku ba: Mavic 3T biyu da batura takwas zuwa goma, da lasisi, da yarjejeniya a rubuce da ofishin 'yan sanda mafi kusa. In aikin dole ne ya ci gaba cikin ruwa, Matrice 30T.

Ƙaramar hukuma ko sansanin sintiri, har da na Operation Rainbow, rundunar tsaro ta gwamnatin jihar Filato: Matrice 30T ɗaya a kowane sansani, da ƙarami ɗaya na ko-ta-kwana. Jirage shida a sansanoni shida sun fi guda ɗaya mai tsada da ke kulle a hedikwata. In kasafin bai isa jirgi da babura da rediyo duka ba, a fara da babura da rediyo.

Wurin taro, sansanin 'yan gudun hijira ko shingen da ke ƙaura daga wuri zuwa wuri: na turke, kuma haya ta fi saye in sau 'yan kaɗan ne a shekara.

Gwamnatin jiha da ke son sanin inda mahara ke fitowa da inda suke komawa: matsakaici guda uku, tashar sarrafawa a mota, da ɗakin kallo da soja, 'yan sanda da jami'an farin kaya ke zaune tare. Kada a biya kuɗin ƙarshe sai an gwada shi a Bokkos ko Riyom, ƙarfe biyun dare, a watan Agusta, da matuƙanku a kan na'ura, ba na kamfani ba. A sa kayan gyaran shekara biyu da wa'adin kwanakin gyara a cikin kwangilar.

Babba kuwa a bar wa sojin tarayya, a nemi su turo shi don leƙen dazukan Wase da Kanam da iyakokin jihar da Taraba da Bauchi, inda nisa ya fi ƙarfin matsakaici. Abin da jiha za ta kashe wa kuɗi a nan shi ne jami'in tuntuɓa da ya san ƙasar yana zaune kusa da masu kallon allo, da lambobin dagatai da ardo-ardo a gabansa, da kalandar bukukuwa, kasuwanni da tarukan addini na kowace gunduma da ake sabuntawa duk mako.